GIRMAN AKURKI: A ƘIDAYA KAJI KAFIN A KWAƁA LAKA

Ƴan uwa masu kiwon kaji na Affala da sauran ƙauyukan arewacin Adar: Bayaninmu na wanga karo kan akurki ne, wato ɗakin kwanan kaji. Tambaya ɗaya za mu amsa: wane girma ya kamata a yi mashi?

Wani zai ce wagga ƙaramar magana ce. A'a. Kaza ita ce asusun uwar gida. Ita ake kamawa in yaro ya kwanta ciwo, ko in an koma lakkol ana neman kuɗin littafi, ko in baƙo ya sauka babu shiri. Gidan da kajinshi sunka mutu dare ɗaya, ba nama kaɗai ya rasa ba, ya rasa abin da zai fid da shi kunya. Kuma in muna zagayen allura cikin garuruwa, abin da muka fi tararwa shi ne akurkin da anka gina don kaji 5, amma kaji 20 ke kwana ciki.

ME MATSI KE YI MA KAZA?

Abu na farko, zafi. Zafin jikin kaza ya kai digiri 41, ya fi na mutum. Kuma ba ta zufa. Ba ta da hanyar fid da zafi sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai iska ya ratsa. To, a ƙasarmu ta Tawa, cikin watannin Afirilu da Mayu, zafin rana na wuce digiri 40. Laka ta sha rana tun safe, da dare sai ta riƙa sako zafin cikin akurki. In kaji na jingine da juna, wace za ta samu wurin buɗe fiffike? Daga nan sai su rage ci, ƙwai ya ragu, masu ƙiba su kwana su mutu.

Na biyu, wari. Kaza na yin kashi da yawa cikin dare. In ya taru a ɗan ƙaramin wuri marar taga, wani iska mai yaji ke tashi daga gare shi. Shi ne wanda ke sa ku hawaye in kunka leƙa. Wanga iska na ƙona ido da maƙogwaron kaza, ya buɗe ma mura hanya.

Na uku, annoba. Kowa ya san ciwon nan da ke share kaji lokacin hunturu: zawo kore, kasala, numfashi da kyar, murɗewar wuya. Likitoci na kiran shi Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda anka gane shi wajen 1927. Ba shi da magani, sai allurar rigakafi. Ta numfashi da kashi da ruwan sha yake yaɗuwa. Inda kaji ke kwana baki da baki, in ɗaya ta kamu, saura sun kamu.

Na huɗu, faɗa. Kaji na da manya da ƙanana a tsakaninsu. In wuri ya yi kaɗan, babba ta tsattsage ƙarama, a fige gashi, a fasa ƙwai, a danne ƴan tsaki a lungu.

TO, A YI ƘATO KE NAN?

Shi ma a'a. Akurkin da ya wuce kima na cin birgi, da icce, da kuɗin magini ba dalili, alhali kun san yadda iccen rufi ke wuyar samu a Adar. Cikin Disamba da Janairu kuwa, kaji kaɗan ba su iya ɗumama babban ɗaki, ƴan tsaki su yi ta rawar ɗari. Ban da haka, duk inda anka ga fili ya yi saura, sai a tura buhun dusa, da tsofaffin kwanoni, da ɗan akuya. Kusu ya samu gida, maciji ya biyo kusu. Abin da ake so shi ne daidai ruwa daidai tsaki.

ƘIDAYA TUKUNA

Kada ku gina don kajin da ke gabanku yau. Ku gina don yawan da za su kai lokacin da garke ya cika, wato bayan ƙyanƙyasar damana da kaka.

Ga misali. Mu ce kina da kaji mata 5 da zakara 1. Kazar gida na yin ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta yi kwanci, kuma kwana 21 take yi ta ƙyanƙyashe. Mu ce kowace ta fid da ƴan tsaki 8: sun zama 40. Mu ce rabi sunka tsira daga shirwa da ciwo: saura 20. Wajen lissafin wuri, matasan kaji biyu da ba su wuce wata 3 ba, a ɗauke su kamar babbar kaza guda. Ke nan 20 sun zama 10, a haɗa da manya 6, an samu 16. In sunka girma gaba ɗaya kuwa, 26 ne cif.

Nan ne shawara take. Nawa za ki riƙe? Nawa za ki kai kasuwa? In kin tsai da cewa garkenki ba zai wuce manya 20 ba, to ki gina na 20, kuma duk abin da ya hau bisa 20 a sayar ko a yanka. Zakaru su ne na farkon fita. Zakara 1 ya ishi kaji mata 10. Saura ci da faɗa kawai suke yi.

AWO DA HANNU

Ba sai da metir na magini ba. Hannunku ya isa:

- Kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, ya kusa santimetir 50. Kamu 2 ke nan wajen metir 1.
- Taƙi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya in an buɗe hannu, wajen santimetir 20 ne.

Hannu ya bambanta. In naki gajere ne, ki ƙara taƙi guda bisa kowane kamu 4. Kuma a tuna, cikin ɗaki ake aunawa, ban da kaurin bango.

Filin da ke da metir 1 tsawo da metir 1 faɗi, shi ƴan lakkol ke kira metir kare. Da shi ake lissafi. Ƙa'idar da muke ba ku ita ce:

1. Kajin da ke yawon kiwo da rana, kwana kaɗai ke kawo su akurki: manya 5 cikin metir kare 1.
2. Kajin da ake tsarewa dare da rana: manya 3 cikin metir kare 1, da shingen shan iska a waje.

In akurkin kwana ne mai kusurwa huɗu:

- kaji 5: kamu 2 da kamu 2
- kaji 10: kamu 2 da kamu 4
- kaji 15: kamu 3 da kamu 4
- kaji 20: kamu 4 da kamu 4
- kaji 30: kamu 4 da kamu 6

In kuma kewayayye ne irin ginin rumbu, wanda matanmu sunka fi ƙwarewa da shi, sai a auna faɗinshi ta tsakiya, daga bango zuwa bango:

- faɗin kamu 2: kaji 4
- faɗin kamu 3: kaji 8
- faɗin kamu 4: kaji 15
- faɗin kamu 5: kaji 24

Ku lura da kyau: kewayayye mai kamu 4 bai kai mai kusurwa na kamu 4 da 4 ɗaukar kaji ba. Ɗaya 15, ɗaya 20. Mutane da yawa na ruɗewa a nan. Hanyar zana shi kuwa mai sauƙi ce: a kafa turke a tsakiya, a ɗaura igiya mai tsawon rabin faɗin da ake so, a ja da'ira bisa ƙasa. A aza bango daga wajen zanen, ba daga ciki ba.

Wanga lissafi na kajin gida ne. In kuna da manyan kaji na turawa ko barbarar su, ku rage ɗaya cikin kowane 5.

TSAWO DA ƘOFA

Ga wata ƙa'ida da ba ta da lamba: akurkin da tsintsiya ba ta kai kowane lungu nashi, bai yi ba, komi kyanshi. Akurkin da anka saba, ɗan tulun laka mai ƙofa kamar bakin tukunya, hannu kaɗai ke shiga. Shekara na zagayowa ba a share shi ba.

Hanya biyu ce. In ƙarami ne, na kaji 15 ko ƙasa, a ɗaga bango kamu 2 zuwa 2 da rabi, a yi mashi jinka ta ciyawa wadda ake ɗagawa kamar ta rumbu. Ranar shara sai a sauke jinka, rana ta shiga ta gasa ciki, a share daga bisa. In na kaji 20 ne ko fiye, a ɗaga shi har mutum ya iya shiga, wato kusan kamu 4, ƙofa kuma kada faɗinta ya kasa kamu 1 da taƙi 1.

Ƙofa ta dubi kudu. Hadari daga gabas yake zuwa, iskan hunturu daga arewa maso gabas, yamma kuwa ranar la'asar ke dukanta. A ɗaga daɓe taƙi guda bisa ƙasar tsakar gida don ruwan damana kada ya kwanta ciki. Marfin ƙofa ya rufu ruf, babu ratar da muzuru, ko tunku, ko gafiya za su bi.

Zancen rufi: tol shi kaɗai a bazara tanda ce. In shi kuke da shi, ku shimfiɗa zana ko karan hatsi bisanshi, ku danne. Ciyawa ta fi sanyi. Akwai kuma ginin tuluwa na birgin laka, wanda ake kira gini marar icce, da anka fara koyarwa a Nijar tun 1980 a Cikal, cikin ƙasar Filinge. In akwai maginin da ya iya shi kusa da ku, shina yin akurki mai sanyi ba tare da an sari icce ko guda ba. In da hali, a gina ƙarƙashin inuwar bedi.

TAGOGI

Iska mai zafi bisa yake tashi, don haka tagogi can ƙarƙashin rufi ake yin su, sama da kan kaji in suna kwance. A yi su a bango biyu masu duban juna, kudu da arewa, iska ya shiga nan ya fita can. Ga akurki mai kamu 4 da 4, taga 2 a kowane ɓangare, kowace kamu 1 da taƙi 1. A toshe su da ragar waya mai ƙananan ido, wadda kusu da maciji ba su ratsawa. In hunturu ya kama, a rataya buhu ko zana ga tagogin arewa, a bar na kudu buɗe. Kada a toshe duka da sunan ɗari.

SANDAR KWANA

Kaza tsuntsuwa ce, bisa take son kwana. Shi ya sa kuke ganinta kan danga ko kan bango in magariba ta yi. Sanda na raba ta da kashinta, kuma iska na ratsa ƙarƙashinta.

- Kowace kaza a ba ta taƙi 1 na sanda. Kaji 5 ke nan ga sanda mai kamu 2. Kaji 20 na son sanda 2 masu kamu 4 kowace.
- Kaurin sanda kamar ƙotar ƙaramar hauya, yadda ƙafa za ta kama ta.
- Tsawonta daga ƙasa kamu 1.
- Tsakanin sanda da sanda taƙi 2, tsakanin sanda da bango taƙi 1 da rabi.
- Duka su zama tsawo ɗaya. In wata ta fi wata bisa, kowa ita zai nema, sai faɗa.
- A ɓare ɓawon iccen tas kafin a sa, kuma a aza shi yadda za a iya cirewa a shanya.

WURIN ƘWAI DA KWANCI

Tsohuwar tukunya da ta fashe, ko kasko, ko kwando, duk suna yi, in dai faɗinsu ya kai taƙi 1 da rabi. A zuba rairayi da toka a ƙasa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. A ajiye a lungu mai duhu, nesa da ƙarƙashin sanda. Ga masu yin ƙwai, wuri 1 ya ishi kaji 4 ko 5.

Amma kazar gida mai kwanci ce. Wadda ta kwanta ta riƙe wurinta kwana 21, in ƙwan zabi anka sa mata kuwa har kwana 28. Muddin tana ciki, saura za su riƙa hawanta suna zuba sabon ƙwai cikin nata, wasu su fashe, wasu su lalace. Saboda haka duk mai kwanci a ba ta nata wuri dabam. Ku bar ma wagga buƙata fili tun wurin awo.

ƘANANAN AKURKI BIYU DA BA A RASAWA

Babban akurki shi kaɗai bai gama aiki ba.

Na farko na ƴan tsaki ne. Babban kwando ko kewayen kara mai faɗin kamu 2, da rufi, ya ishi uwa da ƴaƴanta 10 har su yi sati 4 zuwa 6. A cikin makonnin nan ne shirwa, da ɗari, da ƙishirwa ke ɗibar mafi yawa. A ba su tsaki, da dusa, da gara, da ruwa cikin kasko marar zurfi da anka zuba ma tsakuwa don kada su nutse. A riƙa matsar da kwandon zuwa wuri mai tsabta cikin inuwa.

Na biyu na baƙuwa ne da marar lafiya. Kazar da kunka sayo kasuwar Tawa ran Lahadi, ko wadda anka ba ku kyauta wajen biki, tana iya ɗauke da ciwo alhali ido bai gani. A tsare ta ita kaɗai kwana 15, can wani gefen gida, da kaskon ruwanta dabam. Kamu 2 da 2 ya isa. Wanga ɗan ɗaki ya fi kowane gini arha, kuma shi ke ceton garke.

Zabi, da agwagi, da tantabaru kada su shiga lissafin akurkin kaji. Kowane da nashi wuri. Agwagwa na jiƙa daɓe, zabo na korar kaji, kuma suna iya ɗauko ciwo su ba kaza.

IN ZA A TSARE SU DA DAMANA

Gidajen da ke bakin gona kan tsare kaji lokacin shuka. A nan sai a koma ga ƙa'ida ta biyu: kaji 3 cikin metir kare. Akurkin da ke kwanar da 20, in za su wuni ciki, 12 kaɗai zai ɗauka. A yi masu shinge a gaban ƙofa, kowace kaza ta samu metir kare 1 ko fiye: kaji 10 ke nan kamu 4 da kamu 10. A yi rumfa a gefe, a haƙa ɗan rami a zuba toka da rairayi don birgima. Kuma kazar da anka tsare, cinta da shanta duk sun dawo wuyanku. Kaji 4 na shan wajen litir 1 a wuni, a bazara kuwa har ninki biyu.

KASKA DA ƘUMA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka kaskar kaji take. Da rana tana ɓoye cikin tsagar bango da ƙarƙashin ɓawon icce, da dare ta fito ta sha jini ta koma. Ƴaƴanta kan maƙale ƙarƙashin fiffike kwanaki. Tana ramar da kaza, tana sa mata zazzaɓi mai kisa, kuma tana iya wuce shekara cikin bango ba ta ci komi ba. Shi ya sa barin akurki fanko wata ɗaya ko biyu ba ya kashe ta.

Maganinta yaɓe mai sulɓi ciki da waje, da toshe kowace tsaga da zarar ta bayyana. A share kashi ko da sau ɗaya a sati, a barbaɗa toka. In kaska ta riga ta yi yawa, a fid da kaji, a sauke jinka a kai ta nesa, a ƙona ɗan kara cikin ginin laka ranar da babu iska, a sake yaɓe. Kada ku fesa maganin ƙwarin gona ga kaji ko ga wurin ƙwai. Ku tambayi ma'aikacin kiwo. Duk wanga aiki ba ya yiwuwa sai in akurki na shiguwa. Kashin da kunka share kuwa taki ne mai ƙarfi: a tara shi ya ruɓe tukuna, sannan a kai ga albasa ko garka.

YADDA ZA KU GANE WANDA KUKE DA SHI YA YI KAƊAN

Yau da dare, bayan isha'i, ku ɗauki fitila ku leƙa. Ku duba abubuwan nan:

1. Akwai masu haki baki buɗe?
2. Akwai waɗanda ke kwance bisa wasu, ko cikin wurin ƙwai?
3. Wari na sa ku hawaye?
4. Akwai masu figaggen baya ko wuya?
5. Da magariba sai an kore su kafin su shiga?

In kun amsa i ga biyu daga ciki, wuri ya yi kaɗan. Ko ku ƙara gini, ko ku rage kaji. In babu halin gini bana, ragewa ta fi: kaji 12 masu lafiya sun fi 25 da za a kwashe a zubar.

AKURKI BA YA MAYE ALLURA

Wuri mai faɗi na rage ciwo, amma ba ya hana Niyukasil shiga gari. A yi ma kaji duka allura, manya da ƙanana, bayan girbi kafin hunturu ya kama, a maimaita lokacin da ma'aikaci ya faɗa maku. Amfanin akurki a nan shi ne, ran allura ana samun kaji wuri guda da sassafe, ba a bi su kan itace ba.

Akwai kuma murar tsuntsaye. Ta fara ɓulla a Nijar a Magariya cikin Fabrairun 2006, kuma a farkon 2023 an ba da sanarwar ɓullarta cikin jihar Tawa. Tana iya kama mutum. In kunka ga kaji ko zabi na faɗuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ku yanka, kada ku ci, kada ku kai kasuwa. Ku rufe saura cikin akurki, ku hana yara taɓa matattu, ku sanar da mai gari da ma'aikatar kiwo nan take. Don haka ma ba a son kaji na kwana ɗaki ɗaya da mutane, ko cikin madafa.

A TAƘAICE

- A ƙidaya garke yadda zai kai in ya cika.
- Kaji 5 ga metir kare in kwana ne kaɗai, 3 in tsarewa ce.
- Taƙi 1 na sanda ga kowace kaza.
- Ƙofa ko jinka da ke barin a share ko'ina.
- Tagogi a bisa, bango biyu.
- Wurin ƴan tsaki dabam, wurin baƙuwa dabam.

Lokacin gini shi ne bayan girbi: kara da ciyawa sun samu, ruwan tabki bai ƙafe ba, laka na bushewa da wuri. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, musamman a taron ƙungiyoyin mata. Mai neman ƙarin bayani ko taimakon awo, ya tuntuɓi ma'aikacin kiwo na kusa da shi. Allah ya sa albarka ga kiwonmu, amin.